Tarihin Kalma Guda: Asali da Kumburar Kalmar "Ruwa" a Harsunan Fin

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da masana tarihin harshe suka tarar game da sautuka ke nan, domin babu sautin da ke sauyawa a cikin kalma haka kawai ba tare da dalili ba, ko da kuwa masu harshen sun daɗe da manta dalilin.

Ɗalibin da ya fara koyon Finlanci, watau harshen mutanen ƙasar Finlan da ke arewacin Turai, yakan yi tuntuɓe tun a makonnin farko da kalmar da ke nufin ruwa. A ƙamus zai same ta a rubuce vesi. In ana nufin "na ruwa" sai ta koma veden. Wanda ke shan ruwa vettä yake sha, wanda kuwa ya faɗa cikin ruwa veteen ya faɗa. Baƙin da ke tsakiyar kalmar ya fito da fuska huɗu ke nan: s, d, tt da t. Malami yakan ce wa ɗalibi ya haddace su kurum. Amma kowace ɗaya daga cikin fuskokin nan tana da tarihi, kuma in aka bi sawunsa za a isa ga wani harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, sa'an nan a zarce zuwa wani da ya girme shi da dubban shekaru. Amfanin wannan bin sawu bai tsaya ga Turai ba. Da irin wannan hanya ce ake gane tarihin al'ummun da ba su bar rubutu ba, da ita ce kuma ake rarrabe dangantakar harsuna ta gaskiya da kamannin da sa'a ta haɗa.

1. Dangin harsunan Fin

Harsunan Fin ƙaramin dangi ne da ke zaune a gabashin Tekun Baltik. Babbansu shi ne Finlanci, mai masu magana fiye da miliyan 5, sai Istoniyanci mai kimanin miliyan 1. A cikin ƙasar Rasha akwai harsunan Karel, Veps, Ingiriya da Vot. A kudancin Istoniya akwai Võro. A gaɓar tekun Latbiya kuma akwai Liv. Waɗansunsu suna bakin kushewa. Masu jin Vot tun daga tsatso ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ita kuwa Grizelda Kristiņa, wadda aka sani a matsayin ta ƙarshe da ta tashi da Liv a bakinta, ta rasu a Kanada a 2013 tana da shekara 103.

Rubutu bai zo wa wannan dangi da wuri ba. Mafi tsufan abin da aka samu shi ne wani ɗan guntun ɓawon itace mai layi uku, wanda aka tono a birnin Novgorod na Rasha a 1957, aka kuma ƙiyasta an rubuta shi a ƙarni na 13. Guntayen littafin Istoniyanci mafi tsufa da suka tsira na 1535 ne. Mikael Agricola ya buga littafin koyon karatun Finlanci na farko a 1543, sa'an nan fassarar Sabon Alkawari a 1548. To, amma harshen da ya haifi duk waɗannan, wanda za a kira a nan harshen Fin na asali, ya fara rarrabuwa ne tun wajen farkon ƙidayar Miladiyya, fiye da shekara 1,000 kafin a rubuta ɓawon Novgorod. Saboda haka babu wata takarda da ke ɗauke da ko kalma ɗaya tasa. Duk abin da aka sani a kansa an maido shi ne ta hanyar kwatanta 'ya'yansa, shi ya sa ake sa alamar tauraro (*) a gaban kowace kalma tasa, don a nuna cewa hujja ce ta kai ga gano ta, ba a gan ta a rubuce ba.

2. Kwatanci

Ga sigogi uku na kalmar a harsuna bakwai. Ta farko ita ce sigar ƙamus, ta biyu ta mallaka, ta uku kuma ta ɗiba, wadda bayaninta ke tafe. A rubutun waɗannan harsuna harafin j yana matsayin y na Hausa, ä kuwa wasali ne da ke tsakanin a da e.

Finlanci: vesi, veden, vettä
Karel: vesi, vejen, vettä
Ingiriya: vesi, veen, vettä
Vot: vesi, vee, vettä
Istoniyanci: vesi, vee, vett
Veps: vezi, veden, vet
Liv: vež, vied, vietā

Siga ta uku ba ta da wuya, domin duk bakwai ɗin suna da t. A siga ta farko biyar suna da s. Z na Veps da ž na Liv ba matsala ba ne, gama harsunan nan biyu suna ziza irin waɗannan baƙaƙe a tsakanin wasula a ko'ina, Liv kuma ya yar da wasalin ƙarshe bayan da wasalin ya bar tabonsa a jikin baƙin. Siga ta biyu ce mai tambaya. A gurbi guda wani harshe yana da d, wani yana da j, waɗansu kuwa ba su da kome. Harshe ba ya ƙirƙiro baƙi a tsakiyar kalma daga babu a dubban kalmomi bisa tsari ɗaya, amma yakan yar da baƙi mai rauni. Don haka masana suka yanke cewa akwai wani baƙi mai rauni a wurin tun asali, ɗan'uwan t, wanda ake rubutawa ð, mai furuci kamar zalun na Larabci a bakin mai tajwidi. Haka nan -n na ƙarshe na asali ne, Istoniyanci da Vot da Liv ne suka zubar da shi.

Abin da aka maido ke nan: *veci, *veðen, *vettä, dukkansu daga saiwa ɗaya, *vete-. Harafin c a nan ba c na Hausa ba ne. Sauti ne kusa da ts, amma ba tare da maƙurewar da ke cikin ts na Hausa ba. Tsofaffin littattafai *vesi suke rubutawa. Abin da ya sa aka koma ga c shi ne shaidar kudancin Istoniya, inda "biyu", "ɗaya" da "yaro" suke katś, ütś da latś, alhali a Finlanci kaksi, yksi da lapsi ne. Petri Kallio ya nuna a 2007 cewa wannan sauti yana nan daram a lokacin da harsunan suka fara rabuwa, daga baya ne ya saki ya koma s.

3. Yadda t ya zama s

Mai jin Hausa ya fi Baturen Ingila saurin gane wannan mataki, domin yana aikata irinsa kullum. Jam'in mota motoci ne. Ana cewa sata, amma ya saci kuɗi, ya sace akuya. Ƙasa takan ba da ƙasashe, kaza ta ba da kaji, gida ya ba da gidaje. In wasalin i ko e ya biyo baya, harshe yakan ɗaga zuwa ganɗa tun kafin a gama furta baƙin, sai baƙin ya sauya. Wannan shi ake kira ganɗantawa.

Kusan haka ya faru a harshen Fin na asali, sai dai wasalin i kaɗai ke jawo shi, ban da e. In t ya zo kafin i yakan koma c, daga baya s. A wannan rukunin kalmomi wasalin saiwa i ne in ya zo a ƙarshen kalma, e ne in wani ɗafi ya biyo shi. Saboda haka sigar ƙamus ta bi wannan hanya: *veti, *veci, vesi; sauran sigogin da ke da e kuwa suka riƙe t ɗinsu ko rauninsa. Lalle ne rabon i da e ya riga sauyin t zama, in ba haka ba da ko dai duk sigogin sun sami s, ko kuma babu wadda ta samu. Ba kalmar ruwa kaɗai abin ya shafa ba: käsi "hannu" mallakarta käden, uusi "sabo" uuden, vuosi "shekara" vuoden, viisi "biyar" viiden. Har a aikatau ana ganinsa: lentää "tashi sama", amma lensi "ya tashi sama".

Akwai misali guda da ke nuna amfanin sanin wannan tarihi. A Finlanci kuusi na nufin "shida", kuusi kuma sunan wani itace ne mai ganye kamar allura. A sigar ƙamus ba su da bambanci ko kaɗan. Amma mallakar "shida" kuuden ce, ta itacen kuwa kuusen. Dalili shi ne s na itacen s ne tun fil azal, na "shida" kuwa tsohon t ne. Harshen Sami na Arewa, ɗan'uwa na nesa kaɗan, ya tabbatar da haka, gama a can "shida" guhtta ne, itacen kuma guossa.

Kalmomin aro suna taimakawa wajen sanin lokacin da sauyin ya auku. Vilhelm Thomsen, masani ɗan ƙasar Denmak, ya yi nazarin aron da harsunan Fin suka yi daga dangin Jamusanci a 1869, da wanda suka yi daga harsunan Baltik a 1890. Kalmar Finlanci silta "gada" ta fito ne daga harsunan Baltik, inda har yau Lituwaniyanci ke cewa tiltas. Tun da t ɗinta na farko ya zama s, ashe ta shigo kafin sauyin ya ƙare aikinsa. Amma äiti "uwa", wadda aka aro daga dangin Jamusanci, ta riƙe ti ɗinta, watau ta iso bayan an rufe ƙofa. Haka Hausa ta karɓi asibiti da tikiti da ti ɗinsu ba ta taɓa ba, ko da yake a jam'i tsohuwar ƙa'ida takan farka a ce asibitoci. Da irin wannan lissafi ake jera maƙwabtan al'umma bi da bi, a san wa ta fara cuɗanya da shi.

4. Ƙarfi da raunin baƙi

Saura bambancin t da d. A nan ƙa'idar ta rataya ne a kan siffar gaɓa. In gaɓar da t ya buɗe ta ƙare da wasali, watau buɗaɗɗiya ce, t yakan zauna da ƙarfinsa: ve-te-nä. In kuwa ta ƙare da baƙi, watau rufaffiya ce, sai t ya yi rauni: ve-den, ve-des-sä. Haka p da k suke yi, alal misali apu "taimako" mallakarta avun, joki "kogi" kuma joen. Wannan tsari ya ratsa dukkan dangin ban da Veps da Liv. D da ake gani a sigoginsu na sama sakamakon zizawar da aka ambata ne.

Hausa ma tana da dokar da ta dogara da gaɓa, wadda August Klingenheben ya bayyana a 1928. Ita ce ta sa ake da talaka amma talauci, ita ce kuma ta raba sabka da zamna na Sakkwato da sauka da zauna na Kano. Sai dai akwai bambanci: a Hausa baƙin da ya rufe gaɓa ne ke raunana, a harsunan Fin kuwa wanda ya buɗe rufaffiyar gaɓa ne.

Shi kansa d na daidaitaccen Finlanci yana da labari. A zamanin Agricola ð ake furtawa a yammacin ƙasar, shi kuwa ya rubuta shi da d ko dh, domin haruffan boko na lokacin ba su da wata alama ta musamman dominsa. Daga baya sautin ya ɓace daga yawancin kare-karen harshen. A yamma ya koma r ko l, aka sami veren da velen. A gabas ya faɗi ko ya koma wani sauti mai laushi, aka sami veen da vejen. Amma harafin d ya zauna a littattafai, masu ilimi kuwa, waɗanda yawancinsu da harshen Suwidin suka yi karatu, suka riƙa karanta shi kamar d na Suwidin. Ta haka rubutu ya haifar wa daidaitaccen harshe da sautin da ba na karin kowa ba. Wannan ya kuma raba wata gardama, domin a karin yamma veren na iya nufin "na ruwa" ko "na jini", tun da veri "jini" mallakarta veren ce. Duk wanda aka ɗora wa aikin tsara ƙa'idojin rubutu ya kamata ya lura da wannan, gama harafin da aka zaɓa yau don sauƙi yana iya zama furucin jikoki.

5. Kumburar kalmar

Abin da Hausa ke yi da ƙananan kalmomi irin su a, cikin, daga da zuwa, harsunan Fin suna yin sa ne da ɗafa-ƙeya. Nahawun Finlanci na lissafa sigogin suna 15, na Istoniyanci 14. Ga goma daga cikin sigogin kalmar, ta asali a farko, ta Finlancin yau a biye:

*veci, vesi: ruwa
*veðen, veden: na ruwa
*vettä, vettä: wani abu na ruwa
*veðessä, vedessä: a cikin ruwa
*veðestä, vedestä: daga cikin ruwa
*vetehen, veteen: zuwa cikin ruwa
*vetenä, vetenä: a matsayin ruwa
*veðeksi, vedeksi: (ya zama) ruwa
*veðet, vedet: ruwaye
*veciðä, vesiä: waɗansu ruwaye

Sigogi uku suna bukatar ƙarin bayani. Ta farko ita ce veteen. Gaɓarta ta biyu ta ƙare da n, don haka a bisa ƙa'idar da ta gabata ya kamata t ya raunana, amma bai yi ba. Amsar tana cikin sigar asali, ve-te-hen, inda gaɓar te buɗaɗɗiya ce. Bayan da ƙa'idar ta gama aikinta ne h ya faɗi, wasulan biyu suka haɗe. Ba zato ba ne wannan, domin a karin kudancin yankin Pohjanmaa har yanzu ana jin vetehen, a Karel kuma veteh. Abin da ya yi kama da karya doka ya zama shaidar wani baƙi da ya ɓace.

Ta biyu ita ce vettä. A nan ɗafin -tä ya manne ne kai tsaye ga vet-, ba tare da wasalin saiwa ba, shi ya sa t ya zama biyu. Wani ragowar wannan tsohon salo yana cikin kalmar vuonna "a shekarar", wadda ake sawa gaban kowace shekara a rubutun Finlanci: daga *voot- da -na take, naso ya mai da tn ya zama nn. Ta uku ita ce vesiä, inda s ya sake bayyana saboda alamar jam'i a cikin irin waɗannan sigogi wasalin i ce, t kuwa ba ya tsira a gabanta. Baƙin ɗafin da Finlanci ya yar, Veps ya adana shi a vezid.

Su ma ɗafe-ɗafen suna da tarihi. Ɗafin -ssä haɗi ne na *-s- da *-nä, -stä kuma na *-s- da *-tä. Tun a can baya *-nä na nuna wurin da abu yake, *-tä na nuna inda ya fito, kamar yadda har yau kotona ke nufin "a gida", alta kuma "daga ƙarƙashi". Wasalin ɗafi yana bin wasulan saiwa: vettä da ä, amma vuotta da kuutta da a.

6. Sigar ɗiba

Daga wannan *-tä mai ma'anar "daga" ne sigar ɗiba ta tsiro. Wanda ya sha "daga ruwa" bai sha duka ba, ya ɗiba ne. Da tafiya ta yi tafiya sai wannan ya zama babbar ƙa'ida a nahawun dangin. Juon vettä na nufin "ina shan ruwa", ba a faɗi iyaka ba, ba a kuma ce aikin ya ƙare ba. Juon veden kuwa na nufin "zan shanye ruwan". Korewa kullum sigar ɗiba take ɗauka, en juo vettä "ba na shan ruwa", haka ma awo, litra vettä "lita guda ta ruwa".

Bambancin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san ratar da ke tsakanin ya sha da ya shanye, ya ci da ya cinye, ya sayi hatsi da ya saye hatsin. A tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wannan aikin giredi na huɗu ne. Abin da Hausa ta ɗora wa aikatau, harsunan Fin sun ɗora wa karɓau. Mai fassara da ya gane haka ba zai sha wuya ba wajen juya jimlolin.

7. Kafin harshen Fin na asali

Kalmar ba a gaɓar Baltik aka haife ta ba. Harsunan Fin reshe ne na babban iyalin da ake kira Ural, mai harsuna fiye da 30 da masu magana kimanin miliyan 25, waɗanda suka bazu daga Hangari har arewacin Sabiriya. A Erzya da ke yankin kogin Bolga ruwa ved' ne, a Mari vüd, a Udmurt vu, a Komi va, a Mansi da ke hayin duwatsun Ural wit, a Selkup na Sabiriya üt, a Hangaranci kuma víz. Harsunan Sami kuwa sun bambanta, suna amfani da wata kalma dabam, čáhci. Daga waɗannan aka maido kalmar harshen Ural na asali, wadda ƙamusun Károly Rédei ya rubuta *wete, Juha Janhunen a 1981 da Pekka Sammallahti a 1988 kuma suka rubuta *weti. Ƙiyasin masana game da shekarun wannan harshe yana tsakanin 4,000 da 6,000.

Abin da ya sa aka amince cewa víz da vesi abu ɗaya ne ba kamanninsu ba ne. Dalilin shi ne z na Hangaranci yana tsayawa a gurbin t na Finlanci a tsakanin wasula a jerin kalmomi: kéz da käte- "hannu", méz da mete- "zuma", száz da sata "ɗari", ház "gida" da kota "bukka". Har wasalin saiwa yana sake fitowa in an kumbura kalmar, domin karɓau ɗin víz shi ne vizet, jam'inta vizek.

Wannan gaskiya ba ta sami karɓuwa cikin sauƙi ba. János Sajnovics, masanin taurari Bahangare, ya tafi tsibirin Vardø a arewacin Norwe don kallon wucewar Zara ta gaban rana a 1769, ya saurari Sami a can, ya kuma buga littafi a 1770 yana nuna dangantakarsa da Hangaranci, shekara 16 kafin William Jones ya yi sanannen jawabinsa a Kalkata kan Sanskirit. Sámuel Gyarmathi ya faɗaɗa hujjar a 1799, yana dogara da ɗafe-ɗafen nahawu. Manyan Hangari da yawa ba su ji daɗi ba, domin sun fi son a danganta su da mayaƙan dawaki na gabas a kan masunta da makiyayan ƙasar ƙanƙara. A 1882 Ármin Vámbéry ya buga littafi yana jingina asalin Hangarawa ga Turkawa, József Budenz ya mayar masa da martani, aka yi shekaru ana muhawara. Hangaranci na da ɗaruruwan tsofaffin kalmomin aro daga harsunan Turkawa, amma kalmomin hannu, jini, ido, ruwa da ƙananan lambobi, tare da ƙashin bayan nahawu, sun bi layin Ural bisa ƙa'idojin sauti. Ra'ayin Budenz ne ya tabbata.

8. Tambayar da ta rage tsakanin masana

A wani iyalin dabam, watau Indo-Turai, saiwar kalmar ruwa *wed- ce. Daga gare ta aka sami water na Ingilishi, voda na Rashanci da hydor na tsohon Girkanci. Ita ce kuma watar ta Hittiyawa, ɗaya daga cikin kalmomin da suka buɗe wa Bedřich Hrozný hanyar karanta harshensu a 1915. Kusancin *wed- da *weti a fili yake, ba kuma shi kaɗai ba ne, gama "suna" a Finlanci nimi ne, a Hangaranci név, a Latin nomen, a Sanskirit naman.

Masana sun rabu a kan fassarar wannan. Björn Collinder na Suwidin ya kare ra'ayin cewa iyalan biyu kakansu ɗaya ne, a wani aiki da ya buga a 1934. Jorma Koivulehto na Finlan ya ɗauki irin waɗannan kalmomi a matsayin aro na tun da can. Kowane ɓangare na da abin riƙo. Aro tsakanin iyalan biyu tabbatacce ne, domin sata "ɗari" da mesi "zuma" daga ɓangaren Indo-Turai suka shigo, kamar yadda śata da madhu na Sanskirit suka nuna. A ɗaya gefen kuma, ba kasafai al'umma ke aron kalmar ruwa ba. Abin da ya hana a yanke hukunci shi ne kalmomin da suka yi irin wannan kama ba su da yawan da za a fitar da jerin ƙa'idojin sauti daga cikinsu, irin jerin víz, kéz, méz da száz. Saboda haka dangantakar Finlanci da Hangaranci tana cikin abubuwan da aka tabbatar, ta Ural da Indo-Turai kuwa hasashe ce da ake ci gaba da gwadawa.

Kammalawa

Kama da wane ba ta wane. A Finlanci akwai sata, a Hausa ma akwai sata, amma ɗaya ɗari ce, ɗaya laifi. Kuka a Finlanci tambaya ce mai nufin "wane ne". Kowaɗanne harsuna biyu aka ɗauka a duniya za a sami irin wannan dacewa, wani lokaci har da ma'ana, domin sautukan da bakin ɗan Adam ke furtawa ba su da yawa. Akasin haka, va na Komi da víz na Hangaranci ba su yi kama sosai ba, alhali kuwa kalma ɗaya ce. Abin da ake nema shi ne sauti ya dace da sauti a gurbi guda cikin kalmomi masu yawa, a ware aro daga gado, a kuma iya bayyana sigogin da suka ƙi bin doka, kamar yadda aka bayyana veteen da kuuden.

Da wannan ma'auni ne Joseph Greenberg ya sa harsunan Cadi, har da Hausa, cikin iyalin Afro-Asiya a 1950, Paul Newman da Roxana Ma kuma suka fara maido kalmomin harshen Cadi na asali a 1966. Littafi da alƙali da sauran kalmomin Larabci da ke cikin Hausa ba su ne hujjar wannan dangantaka ba, aro ne, daidai da kalmomin Turkawa a Hangaranci. Aikin kuma yana bukatar ƙananan harsuna da kare-karen karkara ƙwarai. Ba don katś na kudancin Istoniya ba da ba a tabbatar da c na *veci ba, ba don sigogi irin vetehen na manoman Pohjanmaa ba da h ɗin ya zauna a matsayin zato. Harsunan Cadi sun haura 150, da yawansu a jihohin Bauci, Filato, Gwambe, Yobe, Barno da Adamawa, waɗansu kuma ba su da ƙamus ko nahawu a rubuce, yaransu suna komawa Hausa. Ɗalibin da ya zauna da tsofaffin irin wannan harshe ya rubuta kalmominsu da dukkan sigoginsu, tilo da jam'i da kowace kumbura, ya adana shaidar da masu nazarin tarihin Hausa za su bukata nan gaba.